Girar Iya Risi da Na Ara

Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya hana littafi na uku na Birnin Ƙarƙashin Kududdufi fitowa, ni kuma kullum amsata ita ce ku je ku ci abinci. Yanzu da na ji gwaggonku Asabe tana gaya wa jikokina wai mahaifinku ne ya ƙone shi a tsakar gida don haushin matarsa ta yi suna, na ga shirun ya isa haka. Bawan Allah yana kwance a makwancinsa, ba zai tashi ya kare kansa ba, ita kuwa Asabe a lokacin tana aure a Gusau, ba ta ga komai ba. Mahaifinku bai taɓa ƙona mini ko takardar ƙunshin ƙosai ba. Ga yadda abin ya faru, ku karanta ku adana.

Ni dai tun ina yarinya a Fagge kaina cike yake da aljanu. Da aka kawo ni Rijiyar Lemo gidan mahaifinku, na tarar da mai shagon hayar littattafai a bakin layi. Matan layi na soyayya suke haya, ni kuwa na yaƙi nake sa a karɓo mini, masu sadaukai da matsafa da tsuntsayen da ke ɗaukar mutum su tsallake teku da shi. Ina karantawa ina jin haushi. Kowane sadauki sai ya zubar da mutum dubu da sara ɗaya, ba ya jin yunwa, ba ya tuna uwarsa. Wata rana na gama wani, na jefar da shi kan gado na ce wallahi ko ni na fi wannan iya ƙarya. Na samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta na fara, tsakanin sauke tukunyar rana da ɗora ta yamma. Labarin wani maƙeri ne mai suna Jatau, wanda ƙanwarsa ta faɗa kududdufi, ya bi ta, ya tarar da birni guda a ƙarƙashin ruwa, da sarkinsa da kasuwarsa, inda ake kasa inuwar mutane a faifai ana sayarwa. Mahaifinku ya tsinci littafin a ƙarƙashin katifa yana neman wata takardarsa. A tsaye ya karanta, har abokan tafiyarsa kasuwa suka gaji da sallama suka wuce.

"Binta, wa ya ba ki wannan?"

"Ni na rubuta."

"To ina sauran? Kin bar mutum a ƙofar birni kin tafi daka!"

Shi ya ɗauki rubutun da kansa ya kai Sabon Gari wurin wani mai injin buga takardu, Oga Chidi, wanda ya saba buga wa 'yan kasuwar atamfa katin biki. Hausar Oga Chidi ta ciniki ce, bai iya karanta labarin ba, amma ya san sana'arsa. Ya sa aka karanta masa, ya ce a raba shi uku, kowane kashi a datse shi daidai inda numfashin mai karatu ya ɗauke, a bar mutane su yi ta zarya suna tambayar na gaba. Haka kowa ke yi a wancan zamanin. Ya kuma ce babu mai sayen littafin takubba in ya ga sunan mace a bango. Wannan ya yi mana daidai, don kakanku Malam yana da rai a lokacin, kuma ina jin nauyin a ce surukarsa ce ke zaune tana ƙaga aljanu. Muka raɗa wa marubucin suna Garba Ɗan Tsauni. Daga ni sai mahaifinku sai Oga Chidi muka san Garba yana ɗaura zani.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Iya Risi, don ƙananan cikinku ba su riske ta ba. Risikatu sunanta, ɗakinta yana cikin gidan hayar da ke kallon namu. Bayarabiya ce haihuwar Fagge, Hausar bakinta ta fi ta Hausawa da yawa. Mijinta direban babbar mota ne, ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu suna can Ikko. Alala take yi kowace safiya, kuma duk layin nan ita ce karin kumallonsa. Ita ta koya mini gyaran wake, ita nake kai wa ƙarar mahaifinku in ya ɓata mini rai, ta saurara ta ce in je in dafa masa abin da yake so in ga ko ba zai ji kunya ba. Abu uku aka san ta da su. Girarta ta hagu fara ce fat tun haihuwa. Tana ɗaure tarin makullai a bakin zani, kafin ka gan ta ka ji ta. Sannan kowa a wurinta "ɗan Adam" ne, babba da yaro.

A labarina ina bukatar matsafiya mai tsaron ƙofar birnin. Duk wadda na ƙaga sai ta fito kamar mutum-mutumin gona, ba ta ba ni tsoro balle mai karatu. Ran nan da safe na leƙa na ga Iya tana yi wa mai gawayi faɗa don ya cika mata buhu da gari, girar nan a ɗage, makullai na kaɗawa, ƙaton namiji ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Na ce alhamdu lillahi, ga ta nan. Na kwashe girar da makullan da "ɗan Adam" ɗin duka na ba matsafiyata, na kira ta Mai Farar Gira. A littafi na ɗaya da na biyu, sace inuwar mutane take yi tana kullewa a tuluna. Sai a na uku za a gane cewa ɓoye su take yi don kada sarkin birnin ya cinye, kuma ita ce za ta ceci Jatau da ƙanwarsa. A wautata, karrama Iya na yi. Abin da ban lissafa ba shi ne daga ni sai mahaifinku muka san abin da ke cikin na uku. Mutanen gari na ɗaya da na biyu ne a hannunsu.

Littafin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma, ya dawo wa mai haya bango a yage, da tabon manja. Na sha zama a gidan kitso, kaina a cinyar makitsiya, wata na karanta maganata da ƙarfi, ana cewa wannan Garban ba ƙaramin shaiɗani ba ne. Daɗin da nake ji Allah kaɗai ya sani. A irin wannan zaman ne wata ta ajiye littafin ta tafa hannu.

"Ku tsaya! Wannan ai Iya Risi ce sak. Har makullan!"

Aka bushe da dariya, ni ma na yi. A duk rayuwata babu dariyar da nake jin kunyarta kamar wannan. Da aka lafa, wata dattijuwa da ke jiran layi ta ce:

"Ku dai yi ta dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Masu rubutun nan suna jin abin da ba mu ji ba."

Daga nan alalar Iya ta fara kwantai. Ita ba ta karatun boko, babu kuma wanda ya iya tarar ta da maganar, sai ta ɗora laifin a kan waken bana. Har ta kawo mini guda biyu ta ce in ɗanɗana in gaya mata gaskiya ko hannunta ne ya canza. Na ci na ce lafiya lau. Na san dalili, na haɗiye shi tare da alalar.

Gida uku daga namu akwai Hajiya Tasalla, mace mai faɗa a ji a layin. Matar ɗanta, Ladidi, ita ta fi kowa haukan littafin, ta karanta na biyu har sau uku. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka yi mako ana jiƙe-jiƙe, jiki sai ƙara zafi yake, har ta fara sambatu. Abin da take ta faɗa shi ne ga Mai Farar Gira nan, a karɓe makullan, ta kulle ta a tulu. Hajiya Tasalla ba ta san wani littafi ba. Ta tambaya wace ce mai farar gira, aka kalli juna, aka nuna gidan da ke kallon namu. Ku 'yan yanzu ba lalle ku gane nauyin wannan ba. A wurin mutanenmu, in mara lafiya ya kama sunan wani cikin sambatu, an gama shari'a: maye ne ya kama masa kurwa. Kuma wa ya fi sauƙin nunawa irin tsohuwar da ba ta da miji, ba ɗa a kusa? Mutanen da suka shekara talatin suna cin alalarta sai a ranar suka tuna ita ba Bahaushiya ba ce.

Na tari mahaifinku da maganar yana karyawa. Ya ajiye kofi ya ce:

"Oga Chidi ya ce kwana goma na uku zai fito. In ya fito kowa zai ga matar nan ta kirki ce, maganar ta mutu da kanta. Ki yi haƙuri. Kin san Malam."

Ba zan ɗora masa laifi ba, don abin da nake so in ji ya faɗa. Na yi kwana biyu da bakina a rufe. A kwana biyun nan mata suka riƙa cewa "kurwata kur" in Iya ta gifta. Mai gidan hayarsu ya aiko a gaya mata ta fara neman wani ɗakin. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja ruwan, ina cikin ɗaki a bushe, Iya yake duka.

Rana ta uku da hantsi ina tankaɗe na ji hayaniya, a cikinta kuma ƙarar makullai na tafiya da sauri, ba irin tafiyar Iya ba. Na leƙa ta zaure. Mata uku ne suka sa ta a tsakiya, suka nufi gidan Hajiya Tasalla, jama'a na biye. Mahaifinku ya riga ya fita. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka waje ba tare da saninsa ba. Na koma ɗaki na ɗaga katifa, na kwashe littattafan rubutuna guda tara na zuba a kwando, na yafa mayafi. Ko garin da ke hannuna ban wanke ba.

Na tarar an shimfiɗe Ladidi a tabarma a inuwar tsakar gida, leɓɓanta duk sun bushe. Mata sun cika gidan, maza suna zaure. Abin da ake nema shi ne Iya ta tsallake ta sau uku, ta kuskure baki ta ba ta ruwan ta sha, wai da haka maye ke sakin kurwa. Tarko ne mai baki biyu. In ta tsallaka, ta amsa da kanta cewa mayya ce, ita da 'ya'yanta da jikokinta har abada. In ta ƙi, an ce ta ƙi sakin yarinya, kuma ba na son in faɗi abin da samarin da ke ƙofar gida za su iya yi. Iya na tsaye, ba kuka, ba rawar jiki.

"Tasalla, sahu ɗaya muke sallar idi da ke tun ba ki aurar da ɗa ba. Yau ni ce mai cin mutane?"

"Ni ban ce ba, yarinya ce ta faɗa. Ki tsallaka kawai, in ba ke ba ce me zai same ki?"

Na kutsa na ajiye kwando a tsakiya, na dubi Hajiya Tasalla. Muryata da ta fito ban gane ta ba.

"Hajiya, kada ta tsallaka. Babu wata Mai Farar Gira. A littafi take, kuma ni na ƙage ta. Ni ce Garba Ɗan Tsauni."

Wallahi dariya aka yi. Hajiya Tasalla ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Binta? Ke da kyankyaso ke kora daga ɗaki, ke ce mai takubba? Matsa mana, muna cikin tashin hankali."

Na juye kwandon a ƙasa. Akwai wata malamar firamare a cikin taron, na ce ta ɗauka ta duba. Aka miƙo mata bugaggen littafin daga ƙarƙashin matashin Ladidi, ta riƙe shi a hannu ɗaya, rubutuna a ɗaya, tana karanta layi nan layi can. Magana ɗaya ce, sai dai nawa yana da kashe-kashe da gyare-gyare da shatin gindin kofi. Gidan ya fara yin tsit. Sai ta juya wani shafi ta tsaya, ta dube ni. Na san abin da ta gani, na ce ta karanta. A gefen shafin na rubuta wa kaina tuni da jan biro, ta karanta shi da ƙarfi:

"A sa mata girar Iya da makullanta."

A nan ne Iya ta juyo ta dube ni. Duk abin da aka yi mata tun safe bai sa fuskarta ta canza ba sai wannan. Na gwammace a ce mari ta yi mini.

Hajiya Tasalla ta ce to sambatun fa? Na ce Hajiya, da labarin kura ta karanta sau uku, kura za ta kira, ki taɓa goshinta ki ji. Can daga baya wata ta ɗaga murya, da gaskenta, ta ce tunda ni ce Garban, don Allah Jatau ya fita daga ramin da na bar shi a ƙarshen na biyu kuwa? Aka yi mata ca. Mijin Ladidi, wanda ashe tun farko asibiti yake so amma ya kasa musa wa uwarsa, ya samu ƙofa. Ya fita ya tsayar da tasi, aka ɗauke ta. Taifot ce. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, kwana biyar ta tashi zaune tana neman koko. Ranar da aka zo mini da wannan labarin na shiga ɗaki na yi sujada, don da yarinyar nan ta mutu, babu littafin rubutun da zai wanke Iya.

A ranar da na tona kaina, kafin la'asar magana ta riga ta kai kasuwa. Na zauna ina jiran faɗan fita ba izini. Mahaifinku ya shigo, ya ce:

"Ni ya kamata in riga ki."

Shi ya je wurin Malam da kansa. Duk tsoron da muka shekara muna ji, abin da tsohon ya ce kawai shi ne ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce ba ta da cuta, amma kada a sake ɗora mata fuskar mai rai. Har ya tambaya ko akwai kwafin da ya rage.

Washegari na ɗauki rubutun na uku na tafi ɗakin Iya. Na durƙusa na ba da haƙuri, na ce ta bari in karanta mata, za ta ji ita ce mutuniyar kirkin labarin, ita ce ta ceci kowa. Tana wanke gwangwanayen alala, ba ta ɗago ba.

"Da kika ɗauki girata, kin tambaye ni?"

"Ban tambaya ba, Iya."

"Yanzu kuma za ki mai da ni waliyyiya, nan ma ba tambaya. Ɗan Adam, ni ba na son zama ta kirki a littafinki, ba na son zama ta banza. Ki fitar da ni."

Na ce ba ta fituwa, ita ce ginshiƙin labarin, in an cire ta komai ya rushe.

"To ki zaɓa."

Na zaɓa a nan inda nake durƙushe. Na ajiye mata rubutun a gefen tabarma na fito, kuma har ta koma ga Allah ban tambaye ta abin da ta yi da shi ba. Mahaifinku ya je Sabon Gari ya tsayar da aikin. Oga Chidi ya riga ya zana bango, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin mutum ya yanka saniya tana tsakiyar ba da nono ba. Masu karatu suka yi ta zarya shagon haya, wasu har da tsinuwa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, na kuma yi wata biyu ban taɓa biro ba. Daga baya na rubuta wasu da sunana, kun san su, amma babu wanda aka so kamar wancan, kuma ni ma na san ba su kai shi ba. Jatau yana cikin ramin nan har yau, ni na bar shi.

Mai gidan hayar su Iya ya janye maganar tashi. Ciniki ya dawo a hankali. Amma zargin maita ba ya fita da wanki ɗaya. Na lura masu goyo suna jan mayafi su rufe kan jariri in Iya ta matso, tana gani, tana yi kamar ba ta gani ba. Ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na ce ina kwana ta ce lafiya, ta ci gaba da abin da take yi. Haka muka ci kusan shekara.

Sai Ladidi ta haihu, namiji. Ranar suna da yamma gidan ya cika maƙil, ina rakuɓe a bakin rumfa. Iya ba ta zo ba, tun ranar nan ba ta sake taka gidan ba, kuma babu wanda ya ga laifinta. Can sai na ga Hajiya Tasalla ta yafa mayafi ta fita, ta bar baƙinta. Jim kaɗan ta dawo riƙe da hannun Iya. Ta zaunar da ita a kan darduma a tsakiyar mata, ta shiga ɗakin mai jego ta fito da jaririn, ɗan kwana bakwai, ta yaye zanen da ke fuskarsa, ta ɗora shi a hannun Iya.

"Risi, ga mijinki. Ki yi masa addu'a."

Iya ta daɗe tana kallon yaron. Ta yi addu'arta a hankali ta tofa masa a ka. Na bi fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta motsa, babu wadda ta yi ƙus. Wani abu da ya shekara a ƙirjina ya sauka. Sai Iya ta ɗaga kai tana dube-dube, idonta ya faɗo kaina.

"Ke maƙaryaciya, kin tsaya kamar an dasa ki. Zo ki gyara mini mayafi, hannuna a cike yake."

Na tsallake ƙafafun mutane na je na durƙusa a gefenta. Na gyara mayafin, ban tashi ba, ita ma ba ta ce in tashi ba.